Inda Genzo Ya Wanke Motarsa

Kuwabara Genzo mutumin Gifu ne a Japan, ƙasar duwatsu wadda ko taku ɗaya ba ta da shi a bakin teku. Kusan shekara arba'in ya yi yana tuƙa bas a cikin gari, da hularsa da farar safar hannu, yana gaishe da duk wanda ya hau, yana gode wa duk wanda ya sauka, har da waɗanda ba su san yana da fuska ba. A tsawon wannan zamani ko madubin motar wani bai taɓa goga ba. Ranar da ya ajiye aiki kamfani ya ba shi takardar yabo da agogon bango. Ya kuma tafi gida da wani abu da ba su san sun ba shi ba, wato tabbacin cewa a duk faɗin Japan shi kaɗai ya rage mai bin doka.

Mai irin wannan tabbaci in ya zauna a gida, maƙwabta ke ji a jikinsu. Shekara biyu unguwar ta yi tana karɓar darasi kan yadda ake jingine keke da ranar da ta dace a fitar da kwalabe. Don haka da labari ya bazu cewa ya sayi mota mai ɗaki, mai gado da murhu da ɗan wurin wanke-wanke, zai ɗauki matarsa su haye tsibirin Hokkaido a jirgin ruwa su bi bakin tekunsa har ƙarshen zafi, babu gidan da bai aiko da guzuri ba. Wata tsohuwa har bakin titi ta rako su tana cewa kada su yi gaggawar dawowa. Genzo ya ce wa matarsa bai san ana son sa haka ba.

Matar, Tokiko, ba mai dogon buri ba ce. Ta yi aikinta a ɗakin girkin wata makarantar firamare har ƙafafunta suka ce ya isa. Abin da take nema a tafiyar bai wuce ta buɗe ƙofa da safe ta ga ruwa ba iyaka ba, ta ci kifin da bai kwana ba, ta kuma yi hira da mutanen da ba su san mijinta ba tukuna.

Zaman mota yana da tsarinsa. Gari na wayewa a naɗe gado ya koma teburi, a ɗora shinkafa da miya a kan murhu mai baki ɗaya, a goge kwanuka da takarda kafin su ga ruwa, don ruwan jarka ne, kuma wanda aka ɓata a cikin mota yake zama har a sami inda aka yarda a zubar. Shara ma haka. Kowane gari da irin jakar shararsa, baƙo kuma ba shi da rabo a juji, sai ka ga dattijo mai mutunci ya ratsa gari uku da kan kifi a bayan kujera. Wanka a gidan wanka na gari, wanki a shagon injin wanki. Kwana kuwa a zangon matafiya na bakin hanya, inda akwai fili da banɗaki da shagon kayan gona, inda hukuma ke cewa wurin hutu ne ba wurin kwana ba, ta kuma kawar da kai in an kwana.

Kawar da kan nan shi ne duk jarin masu irin motarsu, Genzo kuma yana kallon yadda ake cinye shi kullum. Wannan ya wanke tukunya a wurin wanke hannu na banɗaki ya bar ƙwayoyin shinkafa. Wancan ya bar injin a kunne don ya sha sanyi, kowa ya shaƙi hayaƙinsa. Wani ya cusa shararsa a kwandon gwangwanayen lemo. Abin takaicin shi ne Genzo yana da gaskiya: sun riga sun isa zango biyu sun tarar da sabon allo mai hana kwana. Sai dai gaskiya a bakinsa kamar barkono ce a hannun wanda bai iya girki ba. Rana na yin sanyi zai zura farar safar hannunsa ya fita zagaye, ya tsaya a gaban mai laifi, ya rusuna, ya ce, "A gafarce ni." Duk wanda ya ji yadda yake faɗinta ya san ba gafara ya zo nema ba.

A wani zango ya tarar da wani ƙato, lambar motarsa ta Osaka, singileti a jiki, tawul a wuya, ya baje teburi a filin ajiye motoci yana gasa nama.

"A gafarce ni. Ba a hura wuta a nan."

"Sannu da aiki, ranka ya daɗe," in ji ƙaton, yana juya nama. "Kai ne mai gadin wurin?"

"Matafiyi ne ni kamarka."

"A'a, kar ka rage wa kanka matsayi. Safar hannun nan ta fi ƙarfin matafiyi. Ke Maman yara, miƙo wa sufeto tsoka ɗaya, da gani yunwa ce."

"Saboda irinku ake korar mu!"

"To ai gara a kore mu a ƙoshe. Zauna mana, Baba, tsayuwar nan ba ta yi wa gwiwa kyau."

Mutane suka yi dariya. Genzo ya wuce ofishin zangon ya kai ƙara, ma'aikaci ya fito ya rusuna wa mai ƙara, ya rusuna wa wanda ake ƙara, aka kashe wuta. Doka ta yi halinta. Da safe babu wanda ya gaishe su, wata mata kuma da ta yi wa Tokiko alkawarin nuna mata inda ake sayar da ƙaguwa da arha ta tashi motarta ba sallama.

Sun yi nisa a hanya kafin Tokiko ta yi magana.

"Baban Mayumi."

Ba ta kiran sa da sunan 'yarsu sai in da magana.

"Tun da muka sauko daga jirgi ban yi ƙawar da ta kwana biyu ba. Duk wadda na fara hira da ita, kafin rana ta faɗi ka riga ka je neman gafarar mijinta."

"To in zuba ido ana ɓarna?"

"Ka zuba. Ga teku nan, ba ta ƙarewa, zuba mata. Ka ji ni da kyau. In ka sake ɗaga murya a kan wani, ko shi ke da laifi ko kai, zan ɗauki jakata in bar maka motar nan. Shekara arba'in ina jiran ka sauko daga bas ɗin can, har yau ba ka sauko ba."

Genzo ya san matarsa, ba ta faɗin abu sau biyu. Motar kuma dominta ya saye ta, ko da yake bai taɓa gaya mata ba, don a ganinsa abin da yake a fili ba ya bukatar sanarwa. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya ce, "Na ji."

Ya yi ƙoƙari, ba a raina masa ba. Kwanaki ya yi yana wuce masu laifi yana kallon sama kamar mai neman wata. Har wata yamma suka iso zango a gaɓar Hidaka, ya hango igiya daga wata mota zuwa sandar fitila, an jera mata wandunan ciki suna kaɗawa. Ya ji hannunsa ya kama hanyar aljihun da safar take. Sai ya karya kan mota ya fice.

"Wurin ya cika," ya ce.

Tokiko ta dubi filin da rabinsa babu kowa.

Suka bi wata 'yar hanya tsakanin gonakin dawaki. An yi ruwa jiya, taɓo da kashin doki suka yi wa motar lalle har ƙofa. Can hanyar ta sauka bakin teku, sai ga fili shimfiɗe, faɗinsa ya kai na filin makaranta, an zuba masa tsakuwa mai santsi, an daidaita ta kamar da hannu. Babu ciyawa ko ɗaya, babu guntun sigari. Genzo ya sauka ya zagaya yana neman allon hani, don shi ba ya shiga inda aka hana. Babu allo, babu igiya, babu shinge.

"Kin ga garin da ya san darajar baƙo," ya ce.

"Ba ka ganin ya yi kyau da yawa? Ga wasu irinsa can a jere, duk babu mota."

"Haka ya kamata ko'ina ya kasance. Mun saba da ƙazanta ne, shi ya sa tsabta take ba ki tsoro."

Ya shigar da motar tsakiyar filin, inda teku ta fi fitowa. A garejinsu na da, direba ba ya tafiya gida sai ya wanke bas ɗinsa, kuma wannan al'ada ta zauna masa a ƙashi. A zango an hana wanke mota, makonni ke nan tsumma kawai yake goga mata yana jin kamar ya kwanta ba wanka. Ga shi yau babu mai hanawa. Akwai famfo a jikin wata rumfa can gefe, amma ruwan mutane ne, bai taɓa ba. Ya sauke jarkokinsu, ya kaɗa sabulu a bokiti, ya bi motar tun daga rufi har tayoyi, ya sa buroshi ya fitar da duk abin da dawaki suka ba su guzuri. Kumfa da taɓo suka bi tsakanin duwatsu suka ɓace, tsakuwar ta shanye kamar don haka aka shimfiɗa ta. Har wannan ma sai da ya yaba wa hukumar garin.

Gari bai gama wayewa ba aka buga gefen motar da tafin hannu.

"Kai mai mota! Fito!"

Ya gyara riga ya buɗe ƙofa. Wata gajeriyar tsohuwa ce da takalmin roba da ɗankwali, bayanta mata huɗu ko biyar cikin irin shigarta. A kan tudu farar tuta tana kaɗawa, teku kuma ta cika da ƙananan jirage.

"Ina kwana. A gafar..."

"Riƙe gafararka. Wa ya ce ka hau min nan? Ka san a kan me kake tsaye?"

"A iya sanina, filin ajiye motoci ne."

Wata daga cikin matan ta dafe kai. Tsohuwar, wadda suke kira Iya Shizue, ta sunkuya ta ɗauki dutse ɗaya kusa da taya, ta kai hanci.

"Sabulu." Ta ɗauki wani. "Da kashin doki. Ku zo ku ji, jama'a, baƙo ya haɗa mana miya."

Filin shanyar kombu ne, dogon ganyen tekun nan da ba a ɗora miya ba tare da romonsa ba. Genzo ya sha romon tun yana goye, bai taɓa tambayar inda ganyen yake shan rana ba. Kowane gida a gaɓar da filinsa, su suke zubo tsakuwar, su cire ciyawa da yatsu, su daidaita ta, don a kanta abincin zai kwanta. Ba a fita yanka sai ranar da aka ɗaga tuta, ranar da teku ta kwanta kuma aka tabbata rana za ta fito, don ganyen da bai bushe a yininsa ba darajarsa ta faɗi. Bana kuwa hazo ya cinye yawancin kwanakin. Yau ce ranar da suka daɗe suna jira, ga mota a tsakiyarta.

"Fitar da ita! Yanzu ɗana zai iso da kayan farko."

Genzo ya shiga, ya duba madubi na dama da na hagu kamar yadda aka koya masa, ya sa giya. Motar ta yi gurnani ta zauna. Ruwan da ya zuba jiya ya sassauta ƙasan, nauyi ya yi sauran. Ya ƙara wuta, tayoyin baya suka tona rami suna watsa tsakuwa, mata suka tarwatse. Mutumin da bai taɓa juya taya a banza ba ya ji ƙaurin roba da hancinsa.

Ana haka Kohei, ɗan Iya Shizue, ya iso da a-kori-kura shaƙe da ganye, jikinsa sharkaf da ruwan teku. Ya dubi motar, ya dubi uwarsa, ya ɗauko igiya ya ɗaura, ya ja motar waje, ta bar kwari biyu a filin kamar an yi huɗa. Bai ko dubi Genzo ba, ya juya wajen jirginsa da gudu. Da zagi ya yi, da ya fi sauƙi.

Iya Shizue ta kewaye tsakiyar filin da igiya. "Nan babu shanya sai an wanke duwatsun."

Tokiko ta riga ta naɗe hannun riga. "Yaya, ina za a sa ni?"

"Kin taɓa yi?"

"Ban taɓa ba. Amma na ciyar da makaranta guda, ban san zama ba."

"To kama nan. Kai wajen tudu, jela wajen ruwa, kar wani ya hau wani."

Genzo ya haɗa ƙafafu, ya rusuna har ƙasa, ya fara jawabin ban haƙuri da ya tsara a ransa. Bai kai rabi ba aka dangwara masa shebur da kwanduna biyu.

"Ajiye haƙurin a inuwa, in rana ta faɗi ma duba shi. Kwashe, kai teku, ɗauraye, dawo da su."

Ya kwasa. Ya kai, ya ɗauraye, ya dawo, bayansa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. A kowace tafiya kuma ƙararsa tana ƙara tsari a cikinsa. Shi ya nemi allo, babu. Ya nemi igiya, babu. Ruwan famfonsu ma bai taɓa ba, wa ya yaba? A ƙasar da ake rubuta wa mutum yadda zai zauna a banɗaki, a ce an bar fili haka babu ko harafi, sannan a kama bawan da ya bi doka a ba shi kwando? Maganar takan taso masa har maƙogwaro, sai ya ɗaga kai ya hango Tokiko a cikin mata, tana jan ganyen da ya fi ta tsawo, tana dariya har da riƙe ciki. Rabon da ya ji wannan dariyar tun kafin su sauko daga jirgi. Sai ya haɗiye, ya sake cika kwando.

Da rana ta take aka zauna cin dunƙulen shinkafa da shayi. Kayan ƙarshe da Kohei ya kawo bai sami wuri ba, yana can a tare ƙarƙashin tamfol, kowa ya san abin da zai zama, kowa yana kallon wani wajen. Kohei ya cinye nasa, ya goge hannu a wando, ya dubi Genzo a karon farko.

"Baba, ba don raini ba, shekarunka nawa?"

"Saba'in da ɗoriya."

"Na ce ko. Kakana ma sai da muka ɓoye masa makulli. Ba abin kunya ba ne, ka je wurin 'yan sanda ka mayar musu da lasisin, har godiya suke yi wa mutum. Wanda ba ya bambance titi da shanya, gobe filin wasan yara zai ɗauka gareji."

Da ya zagi Gifu da duwatsunta, da Genzo ya jure. Ya ajiye kofin shayi ya miƙe.

"Lasisina? Ni? Yaro, ina tuƙa mutane tun kafin a yanke maka cibiya! Shekara arba'in ko kaza ban taka ba! Laifin wa ne in an bar fili babu allo? Ina igiya? Ina shinge? Mutum zai yi duba ne ya san abin da ke ranku?"

"Allo?" in ji Iya Shizue, ba ta ko daina tauna ba. "Can garinku, gonar shinkafa akwai allon da ke cewa kada a wanke mota a ciki?"

"Wannan daban! Shinkafa kowa ya san ta!"

"Mu ma nan kowa ya sani. Kare ma ba ya hawa."

Ya ci gaba. Ya kawo hukumar gari, ya kawo haƙƙin baƙo, ya kawo yadda ake yi a wuraren da aka ci gaba. Muryarsa ta cika gaɓar har tsuntsaye suka tashi daga kan rumfa. Sai da ya tsaya jan numfashi ya lura Tokiko ba ta wurin. Ta gama cin shinkafarta, ta ninke ledar, ta tafi mota. Ga ta nan tana dawowa da jakarta.

"Maman Mayumi..."

"Na gaya maka."

"Shi fa ya fara! Kina ji!"

"Na ce ko shi, ko kai." Ta juya wajen tsohuwar. "Yaya, yaushe bas ke wucewa?"

"Na yau ya wuce, sai gobe da safe. Zo ki kwana wurina, ɗakin 'yata babu kowa."

Kohei ya nuna masa da haɓa inda ake ajiye motoci a tashar jirage. Can ya kwana shi kaɗai, bai ko buɗe gadon ba. Da safe ya je ya tsaya kusa da inda bas ke tsayawa, da maganar da zai faɗa a shirye. An sake ɗaga tuta. Bas ya zo, ya tsaya, ya buɗe ƙofa, babu mai hawa, ya rufe ya wuce. Genzo ya bi shi da kallo, sannan ya gangara bakin filin. Tana can sunkuye da aron takalmin roba, tana jera ganye.

"Ba ki tafi ba."

"Cewa na yi zan bar maka motar, na kuwa bari," ta ce, ba ta ɗago ba. "Iya Shizue na neman hannu har a gama kakar bana, na ce mata ina nan. Kai in zagayenka kake so, ga hanya."

"Ni kaɗai?"

"Akwai zango da yawa a gaba, kowanne da masu laifinsa. Ba za ka yi kaɗaici ba."

Ya dubi titin da ya bi gaɓa ya yi gabas, wanda ya yi wata da watanni yana bin sa da yatsa a taswira. Ya dubi igiyar da ke tsakiyar filin. Rabin duwatsun ba a wanke ba.

"Kai mai sabulu!" Iya Shizue ta ƙwala daga can. "Tsayuwa ka zo yi mana?"

Bakinsa ya buɗe. Ya dubi bayan matarsa, ya rufe shi, ya sunkuya ya ɗauki kwando.

A ƙauyen suka ƙare zafin shekarar, ita a gidan Iya Shizue, shi a tashar jirage. Da duwatsu suka ƙare aka ba shi juya ganye, da ya iya wannan aka ba shi ɗauri. Sunan mai sabulu ya bi shi har wurin mai sayar da kifi, yana amsawa. Ranar da aka gama kaka sanyi ya riga ya fara shigowa, ba sauran lokacin zagaye. Yana duba iskar taya sai ga Tokiko da jakarta da damin kombu da aka ba ta. Ta buɗe ƙofa ta zauna a kujerar gaba, ta ɗaura bel, ta ce a biya ta kasuwa kafin a kama hanyar jirgin komawa gida.

Sauran gaɓar Hokkaido ba su gan ta ba. Har yau in ka zauna da Genzo zai gaya maka cewa ya kamata a sa allo a filin nan. A hankali yake faɗa, bayan ya waiwaya.